Taliyar Bahaguwa

Ku da kuke bibiyar labarin nan, sannunku da haƙuri. Wanda kuma yau ya fara leƙowa, ga inda aka kwana a taƙaice, yadda muke yi a ofis idan edita ya ce fili ya ƙare.

Sunana Nunzia Altomare. Ina ɗauko wa wata jarida labaran kotu a Perth, amma gidanmu yana Fremantle, kusa da inda jiragen kamun kifi suke kwana. Akwai wanda yake son aurena, ni ma ina sonsa. Sunansa Semisi, makanikin injin jirgin ruwa ne, iyayensa mutanen Tonga ne. Ranar Lahadi zai zo gidanmu cin abincin rana a karon farko. Matsalar ba shi ba ne. Matsalar taliya ce.

A gidanmu, mu 'yan asalin Italiya, ranar da yarinya ta kawo namiji, ita take yin taliyar ranar da hannunta. Ba ta leda ba, ba ta inji ba. Irin ƙananan nan da ake ja da wuƙa a kan katako su lanƙwashe kamar kunnen jariri, mu dai kunnuwa muke ce musu. Nonna, kakata ta wajen uba, ita ake fara zuba wa. Idan ta ci, magana ta ƙare. Idan ta sa yatsa biyu ta ture kwanon gaba, nan ma magana ta ƙare. Ba za ta hana auren ba, ta san ba ta da wannan ikon. Kawai dai ba za ta taka coci ba ranar, kuma sunan mijin ba zai taɓa fitowa daga bakinta ba.

A gabana aka yi wa Grazia, 'yar baffana. Ita a shago ta sayo nata, ta barbaɗa musu gari don su yi kama da na gida. Nonna ta tauna ɗaya, ta ture kwano. Yau Grazia tana da yara biyu, mijinta Declan shi yake yanke wa Nonna ciyawar tsakar gida, amma har yanzu sunansa "mutumin nan".

Ni kuwa ban taɓa yin kunne ko guda ba a rayuwata, saboda ni bahaguwa ce. Tun ina ƙarama, duk ranar da na kusanci katakon taliya sai Nonna ta ɗaga murya.

"Fita! Hagu ba ya taɓa kwaɓi, tsinka shi yake."

Ita kanta da asuba take yin nata, ta rufe ƙofar kicin ta sa sakata. In mun tashi sai mu tarar da su jere a kan faranti an lulluɓe da farin ƙyalle. Haka na tashi na gani, ban taɓa tambaya ba. Na yi wa alƙalai tambaya, na yi wa 'yan sanda tambaya har suka kashe min waya, amma ban taɓa tambayar me ya sa ake rufe ƙofar kicin ɗin gidanmu ba.

Na taɓa ce wa Semisi mu yi aurenmu kawai, ko ta ci ko ta ture. Muna zaune a bakin tashar ruwa, yana goge baƙin mai daga yatsunsa da tsumma.

"A wajenmu ba a ɗaukar yarinya ta bayan kakarta," ya ce. "In ta ture, sai mu jira."

"Har yaushe?"

"Har ta jawo kwanon."

"Semisi, matar nan ta haura tamanin, kuma taurin kai ne yake riƙe da ita a duniya."

"To na ga inda kika gado."

Na ce masa ya zo shi kaɗai ranar, kada abin ya yi yawa. Ya ce zai yi magana da mahaifiyarsa. Ya faɗe shi yana kallon ruwa, ni kuma ban kula ba. Ku riƙe wannan.

Hutun da ni da Grazia muka daɗe da shiryawa ya faɗo daidai makon. Ta bar wa Declan yara, muka kama ɗan gida a Dunsborough, ɗaki biyu da baranda, in ka tsaya a kan yatsun ƙafa kana hango teku ta tsakanin bishiyoyi. Ita barci ta zo yi. Ni kuma tun kafin mu taso na nemo wata mata a can da take koya wa masu hutu girkin Italiya. Na zaɓe ta ne don nesa take da Fremantle. A unguwarmu in ka sayi gari da safe, kafin rana ta take an san me za ka dafa.

Safiyar Alhamis ina shan shayi a baranda saƙon Mama ya shigo.

"Nunzia kin tashi?"

"Na tashi, Mama."

"Na yi tunani. Ranar Asabar zan yi kunnuwan a ɗakin wanki in ɓoye. Ke dai Lahadi ki shafa gari a goshi."

"Haka Grazia ta yi."

"Grazia a shago ta saya. Ni uwarki ce, hannuna hannunki ne."

"Nonna ta san hannunki, Mama. Tun kafin a haife ni take kushe shi."

Ta turo fuska mai kuka guda uku. Can kuma sai ga hoton kyandir da ta kunna min a coci. Na rubuta "Na gode", na kife wayar.

Grazia ta fito cikin doguwar riga ruwan ɗorawa mai faɗi, da malafa, da baƙin tabarau da ya cinye mata rabin fuska. Ni na sa farin wando mara nauyi da shuɗiyar rigar Semisi da na naɗe hannunta sau uku. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Farin wando za ki sa ki je wajen tumatir? Lallai ba ki taɓa shiga kicin ba."

"Ba dole ki bi ni ba."

"In rasa wannan kallon? Ko a makara nake sai na tashi."

Kicin ɗin tsohuwar rumfar ajiye kaya ce aka gyara, a bayan gonar zaitun. Dogon tebur na katako a tsakiya, tagogi a buɗe, iskar teku tana shigowa da ƙudaje. Mu takwas ne. Kowa da katakonsa, da tulin garin alkama mai ɗan tsaki, da kofin ruwan ɗumi, da wuƙa mara kaifi. Mai wurin sunanta Titina, gajeriya ce mai kauri, furfura ta fara mata, damtsenta kamar na mai ɗaukar kaya. Daga garin Bari na kudancin Italiya ta zo, aure ne ya kawo ta, ba ta san kowa a Fremantle ba. Na tabbatar da wannan tun a waya.

Tana bin mu ɗaya bayan ɗaya tana tambayar suna. Da ta zo kaina na faɗa mata.

"Altomare?" Ta ja baya. "Ai sunan mutanen yankinmu ne. Kuma kin zo wajena koyon kunnuwa? Kakarki ta rasu ne?"

"Tana nan da ranta."

"To kun yi faɗa."

"Ba su yi ba tukuna," in ji Grazia. "Sai Lahadi."

Wani dattijo mai suna Barry, wanda matarsa ta jawo shi dole, ya ɗaga hannu kamar ɗan makaranta.

"Malama, ina ƙwan?"

"Ƙwai? Wannan na mutanen arewacin ƙasarmu ne, masu kaji da yawa. Mu gari da ruwa da hannu. Hannunka ne ƙwan, baba. Naɗe rigarka."

Ta nuna mana. Ka yi rami a tsakiyar garin, ka zuba ruwa kaɗan kaɗan, ka jawo gefe da yatsu. Ka murza da gindin tafi, ka ninke, ka juya, ka sake murzawa, har kwaɓin ya daina manne maka ya yi sumul. Ka kife masa kwano ya huta. Har nan ban ji kunya ba, domin murza hannu biyu take ci.

Sai aka zo wurin wuƙa. Ta yanko ɗan kwaɓi, ta mirgina shi ya zama igiya mai kaurin ƙaramin yatsa. Ta yanke ɗan guntu, ta danna shi da bakin wuƙa, ta ja zuwa cikinta. Ya naɗe. Ta kifa shi a kan babban yatsa, ya buɗe ya zama kunne, bayansa da zane zane, cikinsa da rami. Ta yi wani, ta yi wani. Sautin wuƙar a kan katako shi ne sautin da nake ji ta bayan ƙofa duk asubar Lahadi tun ina yarinya. Ban taɓa ganin abin da yake yin sautin ba sai ranar.

Na ɗauki wuƙa da hannun dama. Ban ma yi shawara ba. A kusa da kwaɓi, haguna yana komawa bayana da kansa, kamar karen da aka saba kora.

Na farko ya tsinke. Na biyu ya manne a wuƙa. Na uku ya fito dogo kamar tsutsa. Na huɗu ya yi kama da kunne, amma irin wanda ya sha wuya.

Grazia ta leƙo. "Wannan kunnen ɗan dambe ne."

"Yi naki."

"Ni an riga an yanke min hukunci. Kallo na zo yi."

Barry, da ya shigo yana neman ƙwai, ya riga ya jera guda goma masu kyau yana nuna wa matarsa. Na yi lissafi irin na aiki: yau Alhamis, Lahadi tana nan tafe, ga abin da hannuna ya iya. Da labarin wata ce nake rubutawa, da na riga na san kanun da zan sa masa.

Titina ta zo ta tsaya a bayana. Ƙuda ya sauka a girata, na kore shi.

"Da wane hannu kike rubutu?"

"Hagu."

"Da wane hannu kika kori ƙudan nan?"

Na kalli hannuna na hagu.

"To wannan ɗayan me yake yi a kan katakona? Baƙo ne, ba ki gani? Ba shi wuri ya zauna."

"An ce hagu yana tsinka kwaɓi."

"Wa ya ce?"

"Kakata."

"Kwaɓi ba shi da ido, 'yata. Bai san hagu ba, bai san dama ba. Ba ni nan."

Ta zare wuƙar ta sa min a hagu. Ta juya igiyar kwaɓin ta koma ɗaya gefen, ta matsar da ni kaɗan. Na danna, na ja. Ya naɗe. Na kifa shi a yatsa, ya buɗe.

Ba zan yi muku ƙarya ba, ba kyakkyawa ba ne. Gefe ɗaya ya yi kauri, tsakiyar ta kusa hujewa. Amma kunne ne. Na yi na biyu, na yi na uku. Wajen na ashirin hannuna ya daina tambayata. Na ji wuƙata tana fitar da sautin nan, a hankali, da tsallake, amma shi ne.

Grazia ta cire tabarau. Ba ta iya ganin abu yana tafiya daidai ta ƙyale shi ba, haka take tun muna yara. Ta zaro waya.

"Malama, kada ki sa mata rai. Zo ki ga da wa za ta kara."

A zauren danginmu na waya, duk Lahadi Mama tana saka hoton farantin Nonna kafin a dafa. Grazia ta buɗe na makon jiya ta miƙa. Titina ta goge hannu a ƙugu, ta karɓa, ta ja hoton ya girma. Ta yi ɗan fito.

"Kai. Wannan hannu ne. Dubi yadda suke kai ɗaya kamar an auna." Ta ƙara jan hoton. Sai ta yi dariya. "To ai gado ne. Me ya sa ba ku faɗa min ba?"

"Gadon me?" na ce.

"Ita ma bahaguwa ce."

Grazia ta ce, "Wa?"

"Mai farantin nan."

Ta ɗauko kunne ɗaya daga nata, ɗaya daga nawa, ta ajiye su gefen wayar. Ta nuna da farce. Wuƙa ba ta tafiya a miƙe, ta ce, kullum a ɗan karkace take, saboda haka zanen bayan kunnen yana kwanciya gefe guda, leɓen ma gefe ɗaya ya fi kauri. Nata ya kwanta nan. Nawa ya kwanta can. Ta matsar da farcen kan hoton. Duk farantin Nonna, layi bayan layi, can suka kwanta. Gefena.

"Ba za ta yiwu ba," in ji Grazia. "Da dama take cin abinci. Da dama take yin alamar gicciye. Da dama ta mare ni ranar da na fasa mata tulu."

"Wannan duk a gaban mutane ne," Titina ta ce. "Kun taɓa ganin tana yin taliya?"

Ni da Grazia muka kalli juna.

Titina ta dubi fuskokinmu, dariyar ta ɗauke mata. Ta mayar wa Grazia wayar. "Ni dai taliya nake koyarwa," ta ce, ta wuce wajen Barry.

An dafa abin da muka yi da ganye mai ɗaci da tafarnuwa da man zaitun da ɗan kifin gishiri. Kowa ya ci yana yabon kansa. Na ci nawa ban ji ɗanɗanonsa ba. Ina jera shaidu a kaina, yadda nake yi in an tashi daga kotu. Sakatar ƙofa. Asuba. Ranar da kofin gilashi ya zame daga tebur ina 'yar makaranta, Nonna ta cafe shi kafin ya kai ƙasa, ta waiga ta ga ko wani ya gani. Na gani. A lokacin na ɗauka kofin take jin tsoron a ce ta kusa fasawa.

Da yamma muka gangara bakin teku. Grazia ta zauna a kan yashi, ta tattare rigarta tsakanin gwiwoyi, waya a hannu. Ta riga ta rubuta saƙon. Ta nuna min: hoton farantin, da kibiya ja da ta zana a kai, da layi ɗaya a ƙasa. Saura ta danna ya shiga zauren dangi, inda mutum sama da arba'in suke, har da na can Molfetta, garinmu na asali a Italiya.

"Kada ki tura."

"Saboda me? Matar nan ta ture min kwano a gaban Declan saboda na yi ƙarya sau ɗaya. Ita fa? Tun kafin a haifi ubanki take yi."

"A aikinmu ba a buga labarin mutum sai an ji ta bakinsa."

"Ni wa ya ji ta bakina?"

Muka zauna. Wasu yara suna gudu da kare a bakin ruwa. Ta share hanci da bayan hannu.

"Ranar aurena na yi ta waiwayen ƙofar coci," ta ce. "Har mai ɗaukar hoto ya ce amarya ki kalli gaba."

"Na sani. Ina bayanki."

Ta daɗe tana kallon wayar. Sai ta goge saƙon harafi bayan harafi, maimakon ta share shi gaba ɗaya, don in ga abin da ta yi min.

"Je ki ji ta bakinta. Amma ki gaya mata sunansa Declan."

Na kira Semisi. Ina jin ƙarar guduma a bayansa, ya fita waje. Na ba shi labari duka. Bai yi dariya ba, bai yi mamaki da ƙarfi ba.

"Me za ki yi?"

"Zan je in tambaye ta."

"Tambaya irin taku ta kotu?"

"Wace iri kuma na iya?"

"Nunzia, tsohuwa ba a zuwar mata da tambaya. Ki kai mata abu a hannu, ki zauna ƙasa da ita, ki yi shiru. In tana da magana za ta fito."

"In ba ta fito ba fa?"

"Kin dai kai mata abu."

"Kai kullum abu mai sauƙi ne a wajenka."

"A'a. Tun Litinin ban ci abinci na ƙoshi ba. Ina tara yunwa saboda Lahadi."

Juma'a ba mu je ko'ina ba. Na sayo gari, na wanke teburin gidan hayar, na yi ta ja tun safe. Grazia tana kwance a kujera tana ba kowanne suna: wannan na jaki, wannan na limamin cocinmu, wannan na Barry. Waɗanda suka lalace muka dafa muka ci har muka gaji. Waɗanda suka yi dama dama na shanya su a kan ƙyalle. Farin wandon nan kuwa, Grazia ta yi gaskiya, ba zai ƙara fita unguwa ba.

Asabar da rana muka iso Fremantle. Mama ta tare ni a ƙofa, ta kalli kwalin takalmin da ke hannuna, wanda na zubo kunnuwan a ciki, ta yi ƙasa da murya.

"Na sayo gari. Yana ɗakin wanki. Kalma ɗaya kawai za ki faɗa."

"A'a, Mama."

"Ba wannan kalmar ba."

Na sumbace ta na wuce.

Nonna tana bayan gida ƙarƙashin rumfar inabi, cikin baƙar rigarta ta kullum da silifas ɗin kakana marigayi, tana tsinke ganyen gobe a cikin kwando. Na gaishe ta da sumba a kumatu biyu. Na ajiye kwalin a kan tebur na buɗe. Sannan na jawo ɗan akwatin da ake zuba lemo na zauna, kaina daidai gwiwarta. Ban ce komai ba. Wannan shi ne shiru mafi wuya da na taɓa yi.

Ta kalli kwalin. Ta ci gaba da tsinkar ganye. Ta sake kallo.

"Wa ya yi?"

"Ni."

"Wa ya koya miki?"

"Wata mata a kudu. 'Yar Bari."

"Bari," ta ce, kamar ta tauna tsakuwa, don ba ta yarda da girkin mutanen can ba.

Ta sa tabarau. Ta sunkuya a kan kwalin, ta daɗe. Na ga lokacin da ta gani, domin hannunta ya tsaya cak a cikin kwandon. Ta waiga wajen ƙofar gida. Babu kowa, sai labulen da Mama ta ɓuya a bayansa yana motsi. Nonna ta juya kujerarta kaɗan ta ba labulen baya.

Sai ta miƙa hannu ta ɗauki kunne ɗaya. Da hagu.

Ta juya shi tsakanin yatsu, ta shafa zanen, ta matsa leɓen. Yatsun nan sun fi na damanta sauri nesa ba kusa ba.

"Munana ne," ta ce.

"Na sani."

"Kina danna wuƙa kamar mai yanka kifi. Nan ya yi kauri, ba zai nuna tare da tsakiya ba."

"To."

Ta ajiye shi. Ta ɗauki wani.

"Uwar kakanki ta ga hannun da na yi taliya da shi, sati na farko da aure. Ta ɗauki kwanonta ta ba kaji. Shekara guda ba ta ci abincina ba." Ta faɗe shi ba tare da ta kalle ni ba, da muryar da take faɗin farashin kifi. "Sai na koyi tashi kafin kowa."

"Ni kuma me ya sa kike kora ta?"

Na san an ce kada in yi tambaya. Guda ɗaya ce kawai.

"Sauran ko sun gani ba za su lura ba. Ke da kin tsaya kusa da ni sau ɗaya, da kin gane." Ta rufe kwalin. "Gobe da asuba ki shigo. Ki sa sakata a bayanki. Hannunki ne zai yi, ni kallo kawai zan yi. Kuma ban ce na yarda da yaron ba, ban ma gan shi ido da ido ba."

"To, Nonna."

Wayata ta yi motsi a aljihu. Na so in ƙyale, ta ce in duba, wai ƙarar tana damunta. Semisi ne.

"Kada ki tsorata. Na yi magana da mahaifiyata. Ta ce a wajenmu namiji ba ya zuwa gidan yarinya shi kaɗai kamar maraya. Za ta biyo ni, da yayyenta mata, da kawuna. Na yi iya ƙoƙarina na rage su. Mu goma sha huɗu ne kawai."

Na karanta sau biyu. Ƙasan saƙon ya ƙara da cewa suna tafe da tabarmi ta girmamawa da za a shimfiɗa a gaban Nonna, kuma dukkansu ya gaya musu su zo da yunwa.

"Mene ne? Fuskarki ta yi fari."

Na karanta mata. Ta sa na maimaita adadin. Ta tambaya ko duk girman jikinsu ɗaya da na Semisi da ta gani a hoton da Mama take ɓoyewa a cikin littafin addu'a. Na ce shi ne ƙaraminsu.

Ta kalli kwandon ganyen da ta tsinke don mutum bakwai.

"Kira Grazia. Ta ce wa mutumin nan ya kawo dogon teburinsu."

"Sunansa Declan, Nonna."

"Na san sunansa."

Ta dafa tebur ta miƙe, ta karkaɗe ganye daga cinyarta. Ta ɗaga murya wajen labulen.

"Ke da kike laɓe! Garin da kika ɓoye a ɗakin wanki, fito da shi, ba zai ma isa ba. Ɗauko min jakata, a je a ƙaro."

Labulen ya daina motsi.

Nonna ta juyo gare ni. Ta kalli hannuna, ta kalli nata, ta buɗe yatsun ta rufe kamar mai gwada su a hasken rana karon farko.

"Na ce kallo kawai zan yi," ta ce. "Amma wannan aikin ya fi ƙarfin hagu ɗaya."